Ɓeran da Aka Ɗinke a Cikin Kujera

Ka taɓa shiga falonka da yamma, ka cire takalmi, ka zauna, sai hancinka ya gaya maka akwai abin da ya mutu a kusa, idonka kuma ya rantse babu komai? Idan ka taɓa, to ka san irin zaman da mutum yake yi da rabin numfashi. Idan ba ka taɓa ba, gode wa Allah, ka gyara zama ka ji abin da ya faru a gidan wani mai gyaran kujeru da ake yi wa laƙabi da Tsaf-tsaf.

Laƙabin ba zagi ba ne, halinsa ne. A shagonsa soso yana jere daidai wa daida, yadin kujeru a naɗe, fil a gwangwaninsa, ƙusa a nata. Idan ya gaisa da mai gumi a hannu, murmushi zai yi ta yi har mutumin ya juya baya, sannan ya nufi famfo. Matarsa takan ce da ƙyama tana da kasuwa, da tuni mijinta ya gina bene. Amma duk cikin halittar Allah babu abin da yake tayar masa da zuciya kamar ɓera, musamman wutsiyar nan tasa marar gashi mai kama da tsutsa. Idan aka kawo masa tsohuwar kujera ya buɗe ya ga kashin ɓera a ciki, mayar wa mai ita yake yi, ko nawa za a biya. Babban abin alfaharinsa shi ne gidansa. Shekara da shekaru suna ciki, shi da matarsa da 'yarsu da ake kira Auta, ba su taɓa ganin kyankyaso ba, ba su taɓa ganin ɓera ba, ko ƙura ba ta cika kwana a kan tebur ba. Yakan faɗi haka a gaban baƙi, yana shafa hannun kujera.

Kujerar kuwa ita ce sarauniyar falon. Mai cin mutum uku ce, ruwan toka, shi ya ƙera ta da hannunsa tun daga katako har ɗinkin ƙarshe. Idan babban mai ciniki yana shakkar aikinsa, gida yake gayyato shi, ya zaunar da shi a kanta, ya bar kujerar ta yi masa bayani.

A yammacin da abin ya fara, irin wannan baƙon ake jira, wani manajan otal mai son a sabunta masa kujeru. Rana ta yi sanyi, hasken da ke shigowa ta taga ya koma ja-ja. Matar tana kicin, ana jin ƙarar mai a kasko. Auta, wadda take shekarar ƙarshe a sakandare, tana kwance a kan darduma tana aikin makaranta, ta jingina ƙafa da kujerar kamar yadda ta saba. Tsaf-tsaf yana goge teburin da ya riga ya goge.

Sai ga ɓera ya fito daga bayan labule.

Ba irin fitowar ɓarawo ya yi ba, ta leƙe da sanɗa. A guje ya fito, kai tsaye ya nufi ƙofar waje wadda take a buɗe, kamar wanda ake bi da bulala. Da an bar shi, da ya fice, da babu wannan labari. Amma Tsaf-tsaf yana tsaye a hanyar, ya ga abin yana tunkarar ƙafarsa, ya yi wani tsalle da bai dace da shekarunsa ba, ya bugi ƙofar ta rufe. Ɓeran ya yi turus, ya juya, ya shige ƙarƙashin kujera. Auta ta ruga kicin tana dariya, tana gaya wa uwarta ta zo ta ga Baba yana rawa.

Ya ɗaga kujerar da kafaɗa ya jingine ta da bango. A kusurwa guda baƙin yadin da ake rufe ƙasan kujera da shi ya ɗan saki, ƙofa ce da ba ta fi yatsa biyu ba. Da idonsa ya ga wutsiyar tana shigewa a hankali, tana jan jiki, har ta ɓace. A daidai lokacin mota ta yi ham a waje.

Abin da ya yi, sai mai irin sana'arsa zai yi tunaninsa. Wani zai nemi sanda, wani zai nemi tarko. Shi jakar aikinsa ya janyo, ya ɗauko bindigar fil, wadda take harba ƙananan ƙarafan da ke riƙe yadi a jikin katako. Tun yana koyon aiki ubangidansa ya saba masa da cewa ba a harba fil na farko sai da sunan Allah, har abin ya zame masa kamar numfashi. Ya ce Bismillahi bai ma san ya ce ba. Tak. Tak. Tak. Ya bi kusurwar, ya zagaye ƙasan kujerar gaba ɗaya, ya sake bin layin a karo na biyu, ɗinki mai kyau wanda ko iska sai ta nemi izini. Ya sauke kujerar, ya wanke hannu, ya gaya wa matarsa da Auta cewa ɓeran ya fita ta ƙofa.

Manajan ya zauna, ya yaba laushin soso, ya ba shi aikin. Ana cikin hira Tsaf-tsaf ya ji ƙaramin karce a ƙarƙashin cinyar baƙon, sai ya ƙara sautin talabijin.

Lissafinsa mai sauƙi ne: yunwa za ta gama da shi, ya bushe a ciki kamar ganye, babu wanda zai taɓa shi, babu wanda zai gani. Kwanakin farko, duk lokacin da rana ta faɗi gidan ya yi tsit, yakan ji karcen, kar-kar-kar, wani lokaci a hankali, wani lokaci kamar na mai hauka. Yakan tashi ya koma ɗaki. Daga baya karcen ya yi rauni. Daga baya ya daina. Ya yi ajiyar zuciya ya ce an gama.

Sannan warin ya zo.

Da farko siriri ne, kamar an manta ɗanyen nama a cikin leda. Sai ya yi kauri. Ya zama wani ɗoyi mai zaƙi-zaƙi, mai maiƙo, wanda ba a hanci yake tsayawa ba, yana sauka ya kwanta a bayan harshe. Ya shiga labule, ya shiga tawul, ya shiga burodin da ke cikin kwano a rufe. Matar ta ja firji, ta kwashe kabad, ta zuba ruwan sabulu a kowace magudana. Tsaf-tsaf ya taya ta nema da himma, ya hau silin da tocila, ya leƙa bayan murhu, ya duba ko'ina a gidan nan sai wuri guda. Da ta ce ita fa kamar daga wajen kujera take jin abin, sai ya ce iska ce take tara shi a nan. Ya sayo turaren fesawa mai ƙamshin fure ya yi ta fesawa. Ƙamshin bai kori ɗoyin ba, aure suka yi, suka haifi abin da ya fi su muni. Korayen ƙudaje masu ƙyalli suka fara taruwa a hannun kujerar, suna wanke fuska.

Wata magariba, suna zaune shiru kowa da kofin shayin da ya kasa sha, sai suka ji kamar an fara yayyafi a cikin ɗakin. Ba ruwa ba ne. Fil ne yake zubowa daga silin, ɗaya bayan ɗaya, yana buga tebur yana tsalle. Da safe ya je shago ya tarar da gwangwanin fil ɗinsa wayam, ƙofa kuwa a kulle yadda ya bar ta. Washegari matar ta buɗe tukunyar shinkafa ta ga fil a jere a samanta, an shirya su layi biyu, tsaf, irin ɗinkin gwani. Ta yi salati ta zubar da tukunyar. Shi kuwa ya kalli layin nan biyu, ya gane aikin hannunsa ake kwaikwayo, ya kawar da kai.

Sai kuma aka fara jin murya. Kullum idan duhu ya fara sauka, kafin a kunna fitila, akan ji tari daga wajen kujerar. Tari ne na tsohuwa, busasshe, mai gajiya, yana ƙarewa da irin yunƙurin wanda yake son yin amai cikinsa babu komai. Matar ta daina shiga falon. Ta ce a fitar da kujerar, ko kyauta ce a bayar. Ya kira maƙwabta majiya ƙarfi, suka kama, suka yi nishi, kujerar da shi kaɗai ya ɗaga da kafaɗa ta ƙi ko motsi. Suka fita suna toshe hanci, ɗayansu yana cewa a hankali, ashe Tsaf-tsaf ɗin a waje ne kawai.

Auta ce ta ɗauki nauyin abin. Ta fara da ture abinci, ta ce tana jin gashi a ciki. Aka canza mata, ta ce wannan ma. Ruwa ma sai ta riƙe shi a baki ta furzar. Ta koma wanke hannu har fatar yatsunta ta tsage. Yarinyar da dariyarta take cika gida ta yi shiru, wuyanta ya yi tsawo, ƙasusuwan kafaɗarta suka fito kamar maratayin riga. A asibiti aka auna jini, aka ɗauki hoto, likita ya ce bai ga komai ba, aka ƙara mata ruwa aka sallamo su. Suna dawowa gida, rana na faɗuwa, ta zame daga hannun uwarta ta rarrafa zuwa falo. Ta durƙusa a gindin kujerar, ta cusa hannu ƙarƙashi, ta shiga karce bakin yadin da farce har jini ya fito. Tana yi tana kira da wata murya mai kauri wadda ba tata ba: “Inna. Inna, ki yi haƙuri.”

Kada ka ce Tsaf-tsaf ba ya son 'yarsa. Yana son ta fiye da idonsa. Wata rana da matar ta fita sayen magani, ya ɗauko filaya, ya kwanta a ƙasa, ya kai hannu ga fil na farko. Yadin ya jiƙe a wurin, wani ruwa mai yauƙi ya taɓa masa yatsa, kuma ya ji motsi a bayan yadin, motsi mai laushi na abubuwa masu yawa. Da ƙyar ya kai bayi. Ya yi amai har idonsa ya yi ja, ya mayar da filayar jaka, ya gaya wa kansa cewa mushen ɓera ba ya sa yarinya magana da muryar wani, don haka ciwon Auta daban, kujera daban. Mutum idan yana gudun abu, babu hujjar da ba zai ƙera ba.

Matar ce ta gaji ta je ta ɗauko Malam, wani abokin mahaifinta, tsohon malamin makaranta da aka sani da yi wa masu taɓin aljanu karatu. Ya iso bayan la'asar, dattijo marar hayaniya. Yana sa ƙafa a falon ya tsaya, ya ja numfashi sau ɗaya, fuskarsa ta yamutse. Ya ce a ɗauke gwangwanin turaren nan daga gabansa. Aka kawo Auta a naɗe da mayafi, uwarta ta riƙe ta a kan darduma. Malam ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Hasken taga yana ja da baya. Ƙudajen suka yi shiru.

Bai yi nisa ba Auta ta miƙe zaune, ta gyara mayafi, ta ja gefensa ta rufe hanci da wani irin yanga na babbar mace.

“Malam, yi karatunka, ba ya ƙona ni. Mu ma masu salla ne,” in ji muryar. “Amma don Allah a buɗe taga. Ni ba zan yi magana a cikin wannan ƙazanta ba.”

Aka buɗe. Malam ya tambaye ta ko ita wace ce, da abin da ya haɗa ta da yarinyar mutane. Ta ce sunanta ba zai amfane shi ba. Ta ce ita aljana ce, ita da mahaifiyarta sun riga masu gidan zama a cikinsa. Ta ce ba kowane aljani ne yake son juji da makewayi ba, su irin masu ƙyama ne, kuma da suka ga sabon mai gida yana wanke hannu kafin ya taɓa ƙofa, sai Inna ta ce to, wannan za a iya zama da shi. Tun daga ranar tsohuwar ta ɗauki gidan kamar nata. Ita take korar kyankyaso tun daga bakin magudana. Ita take hure ƙura daga tebur. Ita take tare ɓeraye a bakin ƙofa.

“Yana zaune yana cika baki a gaban baƙi, wai gidansa ko ƙura ba ta kwana,” ta ce, ta juya idon Auta a kan uban. “Kai ka taɓa share bayan kabad? Ƙazami.”

An zagi Tsaf-tsaf a rayuwarsa, amma ba a taɓa kiransa da wannan ba. Ya ji kalmar har cikin haƙoransa.

Ta ci gaba. Ta ce ranar nan wani ɓera ya kuɓuce wa Inna ya shigo, tsohuwa ta biyo shi, ta kore shi har bakin ƙofa, saura taki kaɗan ya fita, sai wannan bawan Allah ya rufe ƙofar. Ɓera ya shige kujera, Inna ta bi shi ciki don ta fito da shi. Kafin ta juyo, an ɗinke.

Matar ta saki Auta ta juyo ta kalli mijinta. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

Malam ya ce, to ai ku ba yadi ke tsare ku ba, ba katako ba. Aljanar ta yi wata dariya marar daɗi. Ta ce Malam ya fi ta sani, abin da aka rufe da sunan Allah ba su da ikon buɗe shi, daga ciki ko daga waje. Mutumin nan da Bismillahi ya harba fil ɗinsa. Ta ce Inna tana ciki lokacin da ɓeran yake cizon katako, tana ciki lokacin da ya mutu, tana ciki lokacin da ya kumbura ya fashe. Tsohuwar da ba ta iya wucewa ta gefen kwandon shara, yau tsutsa ce take bin ta a jiki. Ta ce babu irin alamar da ba ta yi masa ba. Ta zubo masa fil, ta jera masa ɗinkinsa a kan abinci, ta danne kujerar don kada a kai uwarta juji a jefar. Shi kuwa me ya yi? Ya fesa turare.

“Duk na ji,” in ji Malam. “An zalunce ku. Amma yarinyar nan ita ta ɗinke kujera?”

“Uwata ba ta ci ba, 'yarsa ba za ta ci ba.”

“Wannan ba hukuncin masu salla ba ne, kin sani. Faɗi abin da zai raba ki da ita.”

Ta ce uban yarinyar ya buɗe, ya ɗauko mushen da haƙoransa, ya ji abin da Inna ta ji. Malam ya ce sam, mushe ba ya shiga bakin Musulmi, kuma wadda ta ce tana salla ba za ta nemi haka ba. Sai ta ce to a bar mata yarinyar ta yi kwanakin da Inna ta yi a cikin kujerar, ba ci ba sha, sannan a yi lissafi. Malam ya ce ta dubi wuyan yarinyar da kyau ta gaya masa ko akwai sauran kwanaki a jikinta; idan rai ya fita a hannunta, ita da Allah, kuma shi ba zai tashi daga nan ba, zai koma karatun nan mai ƙuna da bai so ya kai gare shi ba. Suka yi ta ja, ita tana hawa yana sauko da ita, har duhu ya cika kusurwoyin ɗakin. A ƙarshe ta ce ta yarda da abu guda, kuma ba za ta rage ko ƙwayar fil ba: hannun da ya ɗinke shi zai buɗe, shi zai shiga ya ɗauko. Babu safar hannu, babu leda, babu tsinke, kuma ba zai toshe hanci ba.

Malam ya dubi Tsaf-tsaf. Matar ta dube shi. Shi kuwa Auta ya kalla, ba idon da ke harararsa ba, hannunta da ke kan darduma, siriri kamar na 'yar tsana, farcen duk a karye.

“Maman Auta,” ya ce, “miƙo min jakar aiki.”

Ya sa kafaɗa, kujerar ta tashi ba nauyi kamar kwali. Aka kunna fitila. Baƙin yadin ya yi wani tabo mai faɗi, ya kumburo a kusurwa kamar ciki. Ya ce Bismillahi, wannan karon yana jin kowane harafi, ya kama fil na farko da filaya. Aikinsa mai kyau ne, wannan ita ce masifar. Kowane fil ya kama katako da gaske, sai ya murɗa ya ja. Kowane ɗaya ya fita, ɗoyin yana ƙara samun ƙofa. Da ya ɓanɓare kusurwar, tsutsotsi suka zubo masa a gwiwa, farare, masu ƙiba, suna lanƙwasa a kan wandonsa. Idonsa yana zubar da ruwa, bai share ba.

Ya cusa hannun dama. Soso ya jiƙe, yana da ɗumi. Yatsunsa suka bi ta tsakanin murɗaɗɗun wayoyin sifirin, suka taɓa katakon da ɓeran ya ci, ya yi rami-rami, har wurin da haƙoransa suka kai ga bakin fil suka tsaya. A nan ya same shi. Laushinsa ya fi ƙarfin bayani. Ya kama, gashin ya saɓule a hannunsa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ya sake kamawa da tafin hannu gaba ɗaya, ya jawo shi waje, ya sa a tsohon kwanon da matar ta tura masa da ƙafa, fuskarta a juye.

“Da saura,” in ji aljanar.

Ya duba kwanon. Babu wutsiya.

Wannan komawa ta biyu ita ce ba zai taɓa mantawa ba. Ya lalubo ta a maƙale a jikin sifirin, sanyi, santsi, ya naɗo ta a yatsa ya fito da ita. Yana fitar da hannu wata iska mai sanyi ta biyo bayansa daga cikin kujerar, ta wuce ta gefen kunnensa a hankali, kamar mai jan ƙafa. Labule ya motsa. Aka ji tarin nan sau ɗaya, yanzu a tsakiyar ɗaki, sannan wata siririyar murya ta ce tir, ba da ƙarfi ba, kamar yadda kaka take ce wa jikan da ya ɓata shimfiɗa.

Fuskar Auta ta sauya. Yangar ta tafi, hawaye ya zubo. “Sannu, Inna,” muryar ta ce. “Taka a hankali. Mu je ki yi wanka.”

Malam ya nemi ta yi alkawari da sunan Allah cewa ba za ta sake taɓa yarinyar ba, ba kuma za ta dawo gidan da sharri ba. Ta yi. Ta ƙara da cewa kada ya damu, ko roƙonsu aka yi ba za su zauna ba, gidan da ake fesa turare a kan mushe ba wurin zaman mai mutunci ba ne. Su share abinsu da kansu, a gani. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta.

Tsaf-tsaf ya haƙa rami a bayan gida ya binne abin da ke cikin kwanon, har da kwanon. Ya yage sosan da ya jiƙe, ya wanke cikin kujerar da kansa. Sannan ya tsaya a famfo. Ya wanke hannun da sabulu, ya wanke da omo, ya goge da soson ƙarfe har fatar ta yi ja, ya shinshina, ya sake. Yana nan tsaye matar ta leƙo ta ce masa Auta ta farka, wai yunwa take ji.

Ya shigo da burodi a faranti. Yarinyar tana jingine da filo, idonta nata ne. Ya gutsuro da hagu zai miƙa mata, dama tana ɓoye a bayansa.

“Baban Auta, da hagu ake ba mutum abinci?” in ji matar. Ita ce maganar kirki ta farko da ta yi masa tun da asirinsa ya tonu.

Ya fito da hannun a hankali, ja, a kumbure. Ya gutsuro, ya miƙa. Auta ba ta karɓa da hannu ba, ta sunkuyo ta ci daga yatsunsa kamar lokacin da take ƙarama. Ta tauna, ta haɗiye, suna kallon maƙogwaronta. Ta ce a ƙara.

Aljanar ba ta yi ƙarya ba. Ba a jima ba ƙura ta fara kwana a kan tebur. Wata safiya matar ta ga kyankyaso a kicin, ƙato, yana tafiyarsa kamar ya biya haya. Yanzu Tsaf-tsaf da kansa yake jan kabad ya share bayanta, yana tsaki, ya kuma daina yi wa baƙi jawabin tsafta. Da wani ɓeran ya shigo, buɗe ƙofa ya yi ya koma gefe ya hau kan tebur, Auta tana dariya har da riƙe ciki. A shago kuwa, kafin ya rufe ƙasan kowace kujera, sai ya ƙwanƙwasa katakon, ya ce wanda ke ciki ya fito, ya ɗan jira, sannan ya harba fil. Masu kawo aiki suna ɗauka wasa ne.

Kai kuma da ka karanta wannan, ga roƙona. Idan akwai wani wari a ɗakinka da ka san inda yake fitowa kana ta fesa masa turare, ajiye gwangwanin nan. Tun rana ba ta faɗi ba, buɗe taga, naɗe hannun riga, ka kife kujerar ka duba.